Me Za Ka Ɗauka A Inda Babu Komai? Hoto Da Zane A Hamadar Agadas

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta barin su su saurara, da kuma masu cewa sun fi gane karatu. Yau hamada za mu shiga. Maganar ta masu ɗaukar hoto ce da masu zane, har da wanda wayarsa ce kaɗai kyamararsa, ko wadda fensir da littafin zane ne duk jarinta.

Ku gwada wani abu. Ku shiga Instagram ku rubuta Sahara, ku ga abin da zai fito. Raƙuma uku a jere kan tudun rairayi, rana ja tana faɗuwa bayansu. Ku ƙara ja ƙasa, raƙuma huɗu ne, rana dai tana faɗuwa. Sai wata baiwar Allah ta juya baya, mayafi yana kaɗawa. Shi ke nan fa. Mutum ya tara kuɗi, ya ɗauki hutu, ya sha rana da ƙura, ya dawo da hoton da dubban mutane suka riga shi ɗauka. Wannan ita ce asarar da nake so mu kauce wa, domin tafiyar ba arha ba ce, kuma yawancinmu sau ɗaya za mu yi ta.

Dalilin da ya sa haka ke faruwa a ganina shi ne, birni ya saba mana da sauƙi. Ka tsaya a Kantin Kwari ko bakin Kasuwar Kurmi, duk inda ka juya kyamara akwai abin ɗauka: atamfofi, 'yan dako, mai shayi, Keke Napep yana kutsawa. Garin ne ke yi maka aikin. Hamada kuwa sai ta kwashe duk wannan. Ranar farko za ka duba gabas ka duba yamma, ka ce wai me mutane ke zuzutawa ne? Da ido ya rasa abin kamawa, sai ƙwaƙwalwa ta koma kan hoton da ta taɓa gani a intanet, ta ce to mu yi irinsa. Amma in ka yi haƙuri ka bar wannan gundurar ta wuce, za ka lura akwai abubuwan da suka saura, waɗanda a birni hayaniya ke rufe su: haske, inuwa, layi, da nisa. Duk wani hoto ko zane mai kyau da su aka gina shi. A hamada ne kawai ka same su tsirara, ba abin da ya kare su.

Na zaɓi Agadas da duwatsun Abzin da Tenere ne saboda nan na sani, kuma nan ce hamadar da ta fi kusa da mu ta kowace fuska. Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne. In ka sauka, da Hausa za ka yi ciniki, da Hausa za ka tambayi hanya. Gishirin Balma da kakanninmu suka sani, ayarin raƙuma ne ke keta Tenere su ɗauko shi kantu-kantu. Rawanin nan mai sheƙi da Abzinawa ke naɗawa, wanda shuninsa ke zuba a fata, a Kura ta jihar Kano aka daɗe ana rina shi ana buga shi. Wato ba baƙon wuri ba ne gaba ɗaya. Duk da haka, abin da zan faɗa zai yi wa wanda ya je Marzuga a Maroko aiki, ko wanda aka kai yawon hamada a Dubai, ko wanda ya tsaya gida ya je Tulo-Tulowa a ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, inda akwai tuddan rairayi na gaske.

Mu fara da haske, don shi ne kusan komai. Hausa ta riga ta yanka mana yini gunduwa-gunduwa: asuba, fitowar rana, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru. A gari waɗannan sunayen lokaci ne kawai. A hamada kowanne wata duniya ce daban, don tudun da ka gani da hantsi ba za ka gane shi da tsakar rana ba.

Ga yadda abin yake. Duk wanda ya yi karatun lokutan salla ya san cewa akwai lokacin da inuwar abu ke kai tsawonsa. Wannan yana faruwa ne in rana tana digiri 45 daga ƙasa. In ta sauko zuwa digiri 10, inuwa ta kusa ninka tsawon abu shida. To rairayin hamada ba sumul yake ba, iska tana yi masa 'yan ƙananan kunyoyi kamar an yi masa kitso, kowace kunya tsayinta bai wuce faɗin ɗan yatsa ba. Da tsakar rana haske daga sama yake dukan su, babu inuwa, sai ka ga wuri fari fat kamar an share. Da rana ta yi ƙasa, kowace kunya sai ta samu inuwarta, ƙasa gaba ɗaya ta cika da zane. Ba abin da ya canza a wurin sai kusurwar haske.

Kuma a nan akwai wani abu da masu koyon hoto a YouTube ya kamata su kula. Turawa suna maganar sa'ar nan ta hasken zinariya kafin faɗuwar rana, kamar dai awa guda ce cif. A ƙasashensu na can arewa rana a karkace take sauka, tana jan ƙafa. Mu nan kusan a miƙe take faɗawa. Rana tana tafiyar kusan digiri 15 a awa, saboda haka daga digiri 10 zuwa ɓacewarta minti arba'in ne da 'yan kai. Bayan ta faɗi kuma, minti ashirin da wani abu duhu ya fara rufewa. In sai ka ga haske ya yi kyau sannan za ka fara neman inda za ka tsaya, wallahi ka makara. Da la'asar ake zaɓen wuri, a zauna a jira.

Sannan kada ka ba rana baya kamar yadda aka koya mana a hoton biki. Sa ta a gefenka, dama ko hagu. Tudun rairayi fuska biyu gare shi: wadda ke fuskantar iska tana hawa a hankali, ɗayar kuma tana gangarowa da tsini, kusan digiri 30 zuwa 34, don rairayi busasshe ba ya iya tsayawa fiye da haka sai ya zube. Inda fuskokin biyu suka haɗu akwai kaifi kamar bakin wuƙa, yana lanƙwasa kamar tafiyar maciji. In haske ya zo daga gefe, fuska ɗaya ta haskaka, ɗaya ta yi duhu, wannan layin shi kaɗai hoto ne. Sai dai ka lura da sawunka. Ka taka wurin, ka ɓata shi, sai iska ta gyara cikin dare. Ka zagaya ta bayan tudun, ka kuma roƙi abokan tafiya su dakata da gudun hawa har ka gama. Wannan roƙon fa shi ya fi komai wuya, don kowa yana ganin tudu yarinta ke taso masa.

Wata matsala da za ku ci karo da ita: rairayi yana haske a idonka, amma a hoto ya fito toka-toka, kamar siminti. Laifin ba na wayarka ba ne. Kyamara an gina ta ne a kan zaton cewa in aka gauraya duk abin da ke gabanta, matsakaicin haske zai bayar. Da ta ga fili duk fari sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Maganinsa, a kyamara ka ƙara haske da mataki ɗaya, wato +1. A waya ka taɓa fuskarta, 'yar alamar rana za ta fito, ka ja ta sama kaɗan. In kuma baƙin siffar mutum ko ta raƙumi kake so a gaban sama mai ja, sai ka ja ta ƙasa.

Yanzu maganar nisa. Ido yana gane girman abu ne in ya gwada shi da wani abu da ya sani. A hamada babu gida, babu turken lantarki, saboda haka tudun da ka sha wuya ka hau sai ya fito a hoto kamar tarin yashin magina a ƙofar gida. Dole ka sa wani abu ƙarami a ciki: mutum ɗaya can nesa, taguwa ɗaya, mota ɗaya. Ɗaya fa na ce, ba taro ba. Labarin bishiyar Tenere ya isa misali. Wata bishiyar ƙaya ce, dangin bagaruwa, ita kaɗai a tsaye, babu wata bishiya kusa da ita ko ta ina ka duba. Saboda kaɗaicinta har taswira aka sa ta, ayari suna kwatance da ita. Da aka haƙa rijiya a gefenta sai aka tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Ku duba fa, duk faɗin Tenere, ita ya samu. Gawarta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe. Da a dajin Falgore take, ba mai waiwayarta. Filin da ke kewaye da ita ne ya ba ta girma. Haka hoto yake: kada ka ji tsoron barin kashi uku cikin huɗu na hotonka babu komai.

Ga masu zane kuwa, ni shawarata ku rage yawo. Masu shirya tafiya suna son su nuna maka wuri goma a kwana uku, ka sauka, ka ɗauki hoto, a ce a hau mota. Ta haka ba za ka ga komai ba. Claude Monet, mai zanen nan na Faransa, tsakanin 1892 da 1894 ya zana fuskar majami'ar garin Ruwan fiye da sau talatin. Ginin bai motsa ba, hasken da ke kansa yake bi. Babban masallacin Agadas ya dace da irin wannan aikin sosai. An gina shi a 1515, aka sake gina shi a 1844, hasumiyarsa ta ƙasa tsayinta mita 27, kuma tun 2013 tsohon garin yana cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO. Jikin hasumiyar duk itatuwa ne suka fito, waɗanda magina ke takawa in za a yi yaɓe. Samu inuwa ka zauna. Da hantsi inuwar itatuwan a kwance take ta gefe ɗaya, da rana ta take sai ta zubo ƙasa kamar tsefe, da la'asar ta koma ɗaya gefen. Launin ginin kansa yana tashi daga ruwan ƙasa mai sanyi, ya yi fari-fari da rana, ya koma ja kamar garwashi dab da magariba. Yi ƙananan zane shida a shafi ɗaya, ka rubuta lokaci a ƙarƙashin kowanne. Wannan shafin ɗaya zai fi maka hoto ɗari amfani in ka koma gida.

Kuma ku daina zana rairayi da ruwan ɗorawa kawai. Ku duba da kyau. Jan da ke jikin rairayi tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe ƙwayoyinsa, shi ya sa wani wuri ya fi wani ja. Inuwa kuma a hamada ba baƙa ba ce. Wurin da rana ba ta kai ba, shuɗin sama ne ke haska shi, saboda haka inuwar tana ɗaukar shuɗi-shuɗi, wani lokaci har ta yi kamar ruwan makuba. Ka sa baƙin fenti a nan, zanen ya mutu. A Abzin kuma ga baƙaƙen duwatsu da rairayi ke kwantowa a jikinsu, ga dausayin Timiya inda za ka fito daga duwatsu ƙayau ka faɗa lambunan lemo da dabino. Bayan kwana biyu ba ka ga ganye ba, koren nan har ido yake soka. Ni a nan na fahimci cewa launi ɗan kaɗan a cikin fili marar launi ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Fentin ruwa yana bushewa kafin ka gama jan burushi, don haka fensir da gawayi sun fi sauƙi. In launi ya burge ka, rubuta shi da kalmomi a gefen zanen, irin "ja kamar tukunyar da aka gasa", ka haɗa shi a gida.

In lokacin hunturu kuka je, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda shi ne lokacin da zafi ke barin mutum ya yi yawo, wata rana za ku tashi ku ga hazo ya rufe ko'ina. Yawancin wannan ƙurar daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Mutane sai su ajiye kyamara su ce yau babu haske. A'a. Ranar hazo rana tana zama kamar farin faranti, inuwa ta yi laushi, duwatsu su jeru bayan juna kowanne ya fi na gabansa dusashewa. Ranar ce ta ɗaukar fuskar mutum, don ba mai runtse ido, kuma babu baƙar inuwa a ƙarƙashin rawani.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, wanda masu kallon faɗuwar rana ke tsallakewa. Sawun ƙwaro da ya ratsa rairayi cikin dare kamar ɗinkin keke. Ciyawa ɗaya da iska ta juya ta, bakinta ya zana da'ira a kewayenta. Georgia O'Keeffe, wata mai zane 'yar Amurka, da ta fara zuwa hamadar Niyu Meziko a 1929, ƙasusuwan dabbobi ta riƙa tsinta tana zanawa, kuma suna cikin ayyukan da aka fi saninta da su. A Tenere ma, a shekarar 2000, tawagar Paul Sereno na Jami'ar Shikago ta je neman ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da. Mai ɗaukar hoton tawagar, Mike Hettwer, shi ne ya taka zuwa wasu 'yan tuddai ya ga ƙasusuwan mutane da fasassun tukwane a fili. Wurin shi ne Gobero, maƙabarta mai kaburbura kusan 200, mafi tsufa cikinsu sun kusa shekara 10,000. An samu ƙashin manyan kifaye da kada da dorina, don a lokacin bakin tafki ne. A kabari ɗaya an samu mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe. Mai hoto ne ya fara gani, saboda aikinsa ke nan, kallo.

Wannan ya kawo mu Dabus, a gefen hanyar Agadas zuwa Arlit. A kan wani falalen dutse akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa, babban ya haura mita 5, an yi masa kowane tabo na jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Masana suna ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 da 8,000. Daga bakin kowanne wani layi ya sauko zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. A kewayen wurin akwai wasu zane-zanen sama da 800. Ka tsaya a gaban aikin nan ka tuna wanda ya yi shi ba shi da ƙarfe, dutse ya sa ya sassaƙi dutse, kuma ya san dabbar sarai, ya kalle ta har ya haddace yadda take ɗaga ƙafa. Yau yawancin raƙuman dawan Nijar suna can wajen Kure kusa da Yamai. Shi ma wannan zanen, da tsakar rana da ƙyar za ka ga layukansa, sai da sassafe ko yamma in haske ya zo a kwance. Don Allah kada a zuba masa ruwa ko a bi shi da alli wai don ya fito a hoto, kada a taka shi. In kuka ga kan kibiya na dutse ko guntun tukunya a ƙasa, ku ɗauki hotonsa ku bar shi inda yake.

Sai mutane. Nan ne nake da ƙorafi, har da a kanmu. Mun ga yadda baƙi ke zuwa garuruwanmu su ɗauki almajiri ba tare da sun ce masa uffan ba, muna jin haushi. To kada mu je Ingal lokacin bikin shan gishiri na watan Satumba mu yi wa Wodaɓe da Abzinawa irin wannan. Mu da muke jin yare ɗaya da mutanen wurin ba mu da uzuri. Yi sallama, a gaisa, a tambayi iyali da dabbobi. In an ɗora shayi ka zauna, kuma ka sani zagaye uku ne, ba a sha ɗaya a miƙe. Kafin a kai na uku ka riga ka ga abin da mai sauri ba zai gani ba: yadda ake ɗaga buta sama a tsiyayo shayi ya yi kumfa, yadda ake binne gurasa cikin toka da rairayi mai zafi ta gasu, hannun maƙeri yana zana azurfa. Sannan ka nemi izini. Wanda ya ce a'a, a'a ɗin ke nan, musamman mata. Wanda ya yarda, nuna masa hoton, karɓi lambarsa ka tura masa ta WhatsApp in ka samu sabis. In sana'arsa ka ɗauka, sayi wani abu. Kuma Agadas gari ne da matafiya masu neman tsallakawa Libiya ke bi, kada ka ɗora fuskar kowa a intanet ka jefa shi cikin matsala.

Dare kuwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba sai dai ku gani. Ku daidaita tafiyarku da ƙarshen wata ko farkonsa, lokacin da babu farin wata. Kashe tocila, ajiye waya, ba idonka minti ashirin zuwa talatin ya saba da duhu. Kaza da 'ya'yanta za ka gan su ƙarara, ba kamar a gari ba da sai ka ƙura ido. In hoto kake so, dole kyamara ta tsaya cik, a kan abin girke ta mai ƙafa uku ko ka cika safa da rairayi ka ɗora ta. Buɗe idon kyamara iyakar buɗewarsa, ISO tsakanin 1600 da 3200, ka bar ta ta sha haske daƙiƙa 15 zuwa 20. In ka wuce haka taurari za su fara jan wutsiya, don duniya tana juyawa. Wayoyi da yawa yanzu suna da tsarin dare da ke yin kusan haka. Abu ɗaya: farin gungun taurarin nan mai kama da hayaƙi da kuke gani a hotuna, ɓangarensa mafi haske ba ya fitowa da dare a Disamba da Janairu, sai wajen Fabrairu yake fara leƙowa kafin asuba. Kuma ku tafi da bargo da rigar sanyi ta kirki. A cikin duwatsun Abzin sanyin dare a Janairu yana iya kusan daskarar da ruwa.

Kayan aiki a taƙaice: ƙura ita ce abokiyar gaba. Kada ka canza gilashin kyamara a fili in ana iska, shiga mota. Kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙwayar rairayi za ta karce shi, hure shi tukuna. Leda mai zif ta ishi waya. Batir na ƙari da abin cajin tafi-da-gidanka, kuma kada a bar su a gaban mota cikin rana.

Maganar da ba zan tsallake ba ita ce tsaro. Yankin nan yana da matsala ta gaske. An binne nakiyoyi a wasu sassan Abzin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, akwai 'yan fashi a hanyoyi, kuma a 2025 an sace Turawa a cikin garin Agadas kansa. Ba a shiga Tenere da mota ɗaya, ba a shiga ba jagora ɗan ƙasa, kuma hukuma tana iya cewa sai da rakiyar sojoji ko ta hana gaba ɗaya. Ku tambayi halin da ake ciki a makon da za ku tafi, daga bakin mutanen da ke can. Kada a ɗauki hoton soja, shingen bincike ko filin jirgi. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa, in ba ka da takardar izini, bar shi a gida. In aka ce hanya ba kyau, tsohon garin Agadas kaɗai ya ishe ka aikin mako guda. Yusufari ma sai an tambaya kafin a kama hanya. Ruwa kuma, ka sha tun kafin ka ji ƙishirwa, don iskar wurin tana busar da gumi kafin ka san ka yi shi.

In kun dawo, kada ku zazzage hoto tamanin a Facebook a daren. Ku bar su kwana bakwai, ɗokin ya sauka, sannan ku zaɓi goma. Wajen gyara kuma a yi hankali da ƙara launi, rairayin Tenere ba ruwan lemon kwalba ba ne, kuma duk wanda ya san wurin zai gane an yi masa kwalliya.

Wanda kuma aljihunsa bai kai Agadas ba bana, ga aikin gida. Rani ya yi, kogin garinku ya ƙafe ya bar yashi. Je can bayan la'asar, zaɓi wuri ɗaya da bai wuce faɗin tabarma ba, ka ɗauke shi ko ka zana shi duk bayan minti goma har a kira magariba. Ku turo mana na farko da na ƙarshe mu gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.